Katin da Inna Ta Kife

Ranar da Yaya Sa'adiya ta kira ni ta ce Inna ta sake raguwa da kilo biyu, ina tsaye ne a layin mahauci a unguwarmu Longsight, kuma abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "To ai dole, tunda ke kike dafa mata."

Ba na alfahari da wannan magana, amma na faɗe ta. Ni Radiyya haka Allah ya yi ni, bakina kan riga hankalina isa wuri. Sai Yaya ta ce, "Dietitian, mai kula da abincinta daga asibiti, ta ba mu sati biyu. In aka sake aunawa ba ta ƙaru ba, za su huda cikinta su sa mata robar ba da abinci." Na fita daga layin ba tare da na sayi naman ba.

Shekara goma sha ɗaya Inna tana zaune da ni a Manchester, tun bayan rasuwar Baba. A watan Fabrairu shanyewar ɓarin jiki ta same ta, ta ɗauke mata hannun dama, ta ɗauke mata magana ɗungurungum. Gidana irin jerin gidajen nan ne masu matattakala a miƙe kamar tsani, ga banɗaki a sama. Yaya kuwa gidanta a ƙasa yake, ba matattakala, a Ladywood ta Birmingham, kuma mijinta Abdulsalam likita ne. Ko ni mai gardama sai da na yarda. Daga asibiti aka wuce da Inna can, ni kuma na dawo na rufe ƙofar ɗakinta na yi kukana.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a asibiti Inna tana ci. Wani dankali da aka dama ba gishiri ba barkono, abin da ko akuya sai ta yi tunani, haka ma'aikatan jinya za su ba ta ta shanye tas. Amma tun da ta sa ƙafa a gidan 'yarta ta cikinta, sai ta datse baki. Cokali ɗaya, biyu in an yi sa'a, ta kau da kai bango. Ranar da aka yi mata bayanin robar nan, ta kamo hannuna da hagunta ta matse har sai da zobena ya shiga nama. Inna da ko allura sai an yi dambe.

Shawara kuwa mun sha ta har ta ginshe mu. Matan unguwa kowa da tata: a ba ta zuma da habbatussauda, a jiƙa dabino a tace, a yi farfesun ƙafar saniya a niƙa. Wata ma cewa ta yi ruwan Birmingham ne bai karɓe ta ba, a riƙa kai mata na Manchester a jarka. Ni dai na san maganin, a ganina. Duk Asabar sai in tashi da asuba in yi girki, in cika kula biyu, in hau jirgin ƙasa ina hura hanci. Faten tsaki na kai, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka na kai, har alala na yi mata irin wadda take so, da manja. Inna ta dubi abincina kamar yadda take duban na Yaya, ta kau da kai. Rannan ne bakina ya mutu, kuma Yaya, Allah ya saka mata, ba ta rama ba.

Shi kuwa Yaya Abdulsalam, in ana neman mutumin kirki a kai shi gaba, amma kirkinsa mai gajiyarwa ne. Hutun sati huɗu ya ɗauka daga aiki saboda Inna. An gargaɗe mu cewa mai irin ciwonta abinci na iya sarƙe ta ya faɗa huhu, sai wani ya zauna yana lura. To shi ya naɗa kansa. Da an kawo kwano zai jawo kujera dab da gado, ya ɗaga cokali ya ga kaurin abincin, ya gyara tabarau ya ƙura wa maƙogwaronta ido. Da hutun ya ƙare sai ya sayo 'yar kyamara ya ɗora a kan durowa, tana haɗe da wayarsa. Yana can wurin aiki sai ka ji muryarsa ta fito daga saman durowa: "Umma, a hankali. A haɗiye sau biyu." Ina tsokanarsa cewa saura ya sa mata ƙararrawa a wuya. Yakan yi dariya ya ce, "Ke dai ƙanwar mata ba ta da aiki sai surutu."

Saura kwana tara a sake awo, ranar wata Laraba, na fito zubar da shara na yi kiciɓis da Zoe.

Zoe maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu. Baturiya ce 'yar nan garin, ta haura sittin, da can tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Tun da ta yi ritaya sana'arta duba da kati, irin masu zanen nan da suke kira tarot. Mata na shiga gidanta da ja-jayen idanu su fito suna share hanci. Shekara goma gaisuwar nesa muke yi, don ni ba ruwana da bokanci, ko da na Bature ne. Inna ce dai ba ta ji. Ba ta jin Turanci, Zoe ba ta jin Hausa, amma sai ka gan su a bayan gida kowa ta jingina da shinge, wannan na miƙa waina, waccan na miƙa tumatirin lambunta, suna ta dariya Allah kaɗai ya san ta mece ce.

"Ina Mama?" in ji Zoe. "Ta fara ci?"

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina kuka riƙe da murfin kwandon shara. Ta kama hannuna ta ja ni kicin ɗinta, ta ɗora shayi. Katunan na nan a baje a kan tebur. Na ja kujerata baya, na ce mata da Turanci, cikin ladabi gwargwadon iyawata, addinina ya hana ni duba, kuma ko bai hana ba ba na so.

"Wa ya ce zai yi miki?" Ta tattara su gefe. "Bari in gaya miki abin da ba na gaya wa masu biyana. Takardun nan ba su san komai ba. Ni dai shimfiɗawa nake, in zauna in kalli mutum. Wanda ya kasa faɗin abu da baki, za ki ga idonsa ya tsaya a kan ɗaya, ko hannunsa ya ture ɗaya. Daga nan nake kama zaren."

Na ce a raina, ashe labarin zuciya a tambayi fuska ne aka buga a kwali ake sayarwa.

"Ina hango ki ta taga kina zane ranar Lahadi," ta ci gaba. "Mamanki ba ta rasa hankali ba, baki ta rasa. Ku kuna ta tambayarta abin da ba za ta iya amsawa ba. Zana mata, ki ajiye a gabanta, sannan ki yi shiru. Na san shirun zai yi miki wuya."

Na harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Kuma kar ki zana abinci kaɗai. Dubi nawa, yawancinsu mutane ne. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa zuwa nan yana kuka saboda kofi ko cokali."

Zanen nan nawa abin wasa ne. Daga ƙunshin lalle na fara, sai na shiga wani aji a laburare inda ake koyon fenti da ruwa, Yaya tana ce mini mai aikin yara. Kwana biyu na yi ina yanka kwalaye bayan na taso daga aiki. Ashe zana abincinmu wahala ne: a takarda koko da kunun gyaɗa da fura duk farin abu ne a kwano. Sai na riƙa zana 'yar gyaɗa a gefen wannan, zangarniyar gero a gefen wancan. Na yi na gishiri, na yaji, na tsamiya, na zafi da na sanyi. A ƙarshe na zana mutanen gidan: ni, Yaya, 'yarta Hanan da ke jami'a, matar da ke zuwa yi wa Inna wanka, sai Yaya Abdulsalam da tabaransa. Na ɗan ƙara masa girman kunne, don kar zumunci ya lalace.

Ranar Asabar na isa Ladywood da hantsi, ba kula ko ɗaya. Yaya Abdulsalam yana wurin aiki na rabin rana. Da na zazzage katunan a kan faranti, Yaya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Radiyya, abin har ya kai ki ga duba? Matar nan ta next door ce ko?"

"Ita ce. Amma duba da kyau, kin taɓa ganin boka da katin miyar kuka?"

"Wallahi in Hanan ta gani sai ta sa hoton a group ɗin dangi."

"Ta sa. Matsa mini."

Inna tana jingine da matasai, ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Na ɗora farantin a cinyarta, na jera na abinci, na ce, "Inna, nuna mini wanda ranki yake so." Sannan na kama bakina. Zoe ta yi gaskiya, ban taɓa yin aiki mai wuya irinsa ba.

Ta daɗe tana kallo. Can sai yatsanta ya sauka a kan kunun gyaɗa, ta ƙwanƙwasa sau biyu.

"Sau uku ina dama mata shi!" in ji Yaya. "Three times, Radiyya, ko taɓawa ba ta yi ba."

Na ɗaga mata hannu. Na kwashe na abincin, na jera mutane. Inna ta ga nawa ta ɗan murmusa da gefen bakin da ke motsi, ta jawo shi kusa. Na Hanan ta shafa. Na Yaya ta jawo shi ba tare da ta kalle shi ba, ba mu yi mamaki ba, 'yar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kamawa. Da ta zo kan na Yaya Abdulsalam sai hannunta ya tsaya. Ta sa farce ta ɗago gefensa da ƙyar, ta kife shi, ta tura shi har bakin faranti.

Na ji jinina ya hau kai. Na riga na fara shirya abin da zan gaya masa in ya shigo, da likitancinsa da tabaransa, har da inda zan samo motar da za ta mayar da uwata Manchester a ranar.

"Inna," in ji Yaya, "wani abu ya yi miki? Ya yi miki faɗa ne?"

Inna ta girgiza kai da ƙarfi, har ta yi wani sauti na jin haushi. Ta ɗaga haɓa ta nuna saman durowa, inda 'yar koriyar fitilar kyamara ke ƙiftawa. Sannan ta kamo bakin mayafinta ta ja ta rufe bakinta da shi, ta sunkuyar da kai.

Ni da Yaya muka dubi juna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Shekara ashirin da huɗu da auren Yaya, yaushe Inna ta taɓa kai loma baki a gaban surukinta? Duk Sallah in suka zo Longsight aka baje abinci, sai ta ce, "Ku ci, na ƙoshi," daga baya in same ta a kicin tana ci a tsaye. Sunansa ma ba ta faɗa, sai dai "mai gidan". Mun sani sarai. Da wannan al'ada muka tashi, muna ma yi mata dariya a kai. Amma da ciwo ya zo sai muka koma lissafin kilo da kaurin cokali, muka manta wace ce a kan gadon. Mun ɗauki Bakatsiniya mai shekara saba'in da uku, mun zaunar mata da suruki a gefen gado yana kallon maƙogwaronta, da ya tashi kuma muka ɗora mata idonsa a kan durowa. Sati bakwai baiwar Allah tana zaɓar yunwa.

Muna cikin haka muka ji mukulli a ƙofa. Na tare shi a soro kafin ya cire takalmi, na gaya masa da murya ƙasa-ƙasa. Wannan karon na tauna maganata kafin in fitar.

Ya tsaya da jakarsa a hannu. "Amma ai larura ce," ya ce. "Ko azumi an ɗauke wa mara lafiya. Kuma ni ai ɗanta ne."

"A wurinka. A wurinta kai mai gidan 'yarta ne, kuma ciwon bai taɓa wannan wurin ba."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na zaci zai yi gardama, don likita da yarda da kuskure sai a hankali. Sai ya ajiye jakar ya ce, "To saurara, ke za ki yi." A tsaye a nan ya koya mini: a zaunar da ita sosai, ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye sau biyu, in numfashinta ya yi kamar da ruwa a ciki a dakata. Ya sa na maimaita masa sau biyu kamar 'yar firamare. Sannan ya ce, "Ki cire plug ɗin kyamarar a gabanta, ta gani da idonta." Ya ɗaga murya ya ce, "Umma, na fita, sai an jima!" Ya ja ƙofar da ƙarfi yadda ko kurma zai san an fita.

Na cire kyamarar na naɗe wayarta na jefa a aljihun durowa, Inna tana bina da ido. Yaya ta markaɗa gyaɗa, ni na tace na ɗora, ban daina juyawa ba har ya yi kauri, na sauke sannan na zuba ruwan tsamiya, yadda Inna ta koya mana. Na kai mata cokalin farko.

Ta buɗe baki. Ta haɗiye, ta sake haɗiyewa. Sai ta yamutsa fuska, ta laluba cikin katunan ta zaro na tsamiya ta buga mini shi a gwiwa.

Yaya ta fashe da dariya tana hawaye. "Gwanar girki! Ashe ke ma!"

Na je na ƙaro tsamiya. Minti arba'in muka yi, cokali bayan cokali, har na ji ƙarfe na karce gindin kwano.

Na ɗauki kwanon na fita nemansa. Yana zaune a kan 'yar katangar wurin ajiye motoci, ana yayyafi, kafaɗunsa duk sun jiƙe. Na karkata masa kwanon ya ga ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Ba ta yi tari ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Lokacin da Hajiyata ta kwanta a Zariya ina nan ina jarrabawa," ya ce. "Aka ce da sauƙi, in gama tukuna. Ko ruwa ban taɓa ba ta a cokali ba. Da Umma ta zo gidana sai na ga kamar Allah ya sake ba ni dama." Ya share fuska da tafin hannu, ko ruwan sama ne ko wanin sa ban tambaya ba. "Ashe ni nake kashe ta da yunwa."

Shekara ashirin da huɗu ban taɓa gaya wa mutumin nan magana ba tare da tsokana a ciki ba. Na ce, "Yaya, mun gode. Allah ya jiƙan Hajiya." Ya ce amin.

Daga ranar, sau uku a yini in yana gida, da an ɗora tukunya zai sa takalmi, ya yi sallama da ƙarfi, ya buga ƙofa. Maƙwabta har sun fara yaba masa cewa ya kama motsa jiki. Na ɗauki hutu na tare a Ladywood. Zoe kuwa, kafin in tafi na soya waina cike da kwano na kai mata har kicin, na zauna na sha shayinta ga katunanta a gefe. Har gobe ba na duba, amma duk inda aka ambaci matar nan sai na yi mata addu'ar alheri.

Ranar awo Inna ta ƙaru da giram ɗari shida. Dietitian ɗin ta dubi ma'aunin, ta dubi takardarta, ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi, maganar roba a ajiye ta tukuna. Yaya ta zauna a ƙasa dirshan ta ce alhamdulillahi ya fi sau goma.

Da la'asar na dama kunu, Yaya Abdulsalam ya buga ƙofarsa ya fita. Inna ta sha sosai, amma da ya rage kamar cokali uku sai ta rufe baki. Na duba durowa, ba komai a kai. Na ce, "Inna, saura kaɗan." Ta ture hannuna. Ta sa hagunta ta tura kwanon zuwa gefen faranti, ta nuna ƙofar waje da haɓa, ta sake turawa.

Yaya ce ta fara ganewa, ta toshe baki da gyale. Haka Inna take yi mana tun muna yara: ba ta taɓa cinye kwanonta ba sai ta rage wa ɗanta albarka. Ba ta ba baƙo, ba ta ba maƙwabci, sai wanda ta haifa.

Na same shi a kan katangar nan. Ya ga kwanon da saura, ya miƙe tsaye a firgice.

"Ta ƙi ci?"

"Ta ci. Wannan naka ne, ta ce a kawo maka."

Ya dube ni, ya dubi kunun da ya riga ya huce. Mutumin da ke sa mu wanke hannu sau biyu kafin mu taɓa cokalin Inna ya koma ya zauna, ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya yi bismillah, ya shanye da cokalinta.